Uwargida, Tsohon Kwandonki Bai Gama Aiki Ba

Yau ina so ki tashi ki leƙa bayan ɗakin girkinki, ko ƙarƙashin rumbu, ko can kan katanga inda ake jibge kayan da aka gaji da su amma aka kasa yarwa. Na tabbata ba za ki rasa kwando ɗaya ko biyu ba, wanda gindinsa ya ɓule, ko wanda bakinsa ya warware, ko kuwa tsohon faifai da ya sha tururin tuwo har ya yi baƙi. Tun da roba ta shigo gidajenmu, waɗannan kaya sun zama kamar tsohuwar da aka yi wa amarya. Ba a kore su ba, amma kuma ba mai kiransu. Ƙarshensu dai a hura wuta da su ran da itace ya jiƙe.

To, kafin ki kai naki murhu, ki ba ni aron kunnenki. Kwandon nan yana iya komawa ƙofar ɗakinki ko barandarki ya zauna da furanni, ya riƙa sake kaya sau huɗu a shekara, damina da kaka da hunturu da bazara, ba tare da kin taɓa kuɗin cefane ba. Amma akwai yadda ake yi. Ni da na yi da ka, na yi asarar da har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Kakata ta wajen uwa ta ba ni wani ɗan lefe lokacin da za a kai ni ɗaki. 'Yan makaranta, na san da yawanku in an ce lefe akwatuna kuke hangowa jere a bayan mota. Asalin lefe kwando ne na kaba, a cikinsa ake zuba tufafin da ango zai kai gidan amarya. Akwati ya zo ya ture kwandon, sunan kuwa ya zauna. Wannan nata ne na aure, saƙar hannu, an rina wasu silin kabar ja da baƙi. Da za ta miƙo mini sai ta ce, "Ungo, kishiya. Ni na ci moriyarsa, saura ke, in kin iya riƙo." Muka yi dariya.

Da aka ba mu gida a layin malamai, mai 'yar baranda tana duban gabas, sai na ga wurin ya yi fayau, ba komai sai siminti. Na ɗauko lefen nan, na cika shi da ƙasa da taki, na watsa irin fure, na shiga ban ruwa safe da yamma. Wata biyu abin gwanin sha'awa, duk malamar da ta wuce sai ta tsaya. Ran nan cikin Agusta na zo zan matsar da shi saboda feshin ruwan sama, ina ɗagawa sai na ga baki kawai a hannuna. Gindin ya ruɓe ya zauna a ƙasa, gara kuma ta yi gida a ciki ta cinye rabi. Abin da ya yi shekaru aru-aru a ɗakin tsohuwa bai yi ko ƙwarzane ba, ni na kashe shi cikin mako goma. Har ta rasu ban iya gaya mata ba.

Abin da na koya ke nan, shi ne kuma gindin duk maganar yau: kwando riga ce, ba tukunya ba. Kaba da gora da tukurwa da kara duk tsiro ne da aka busar. Muddin suna bushe suna daɗewa, amma in suka kwana da danshi kullum, ruɓa da gara ba sa neman izini. Saboda haka ƙasa da ruwa suna zama a cikin gwangwani ko tsohon bokiti, shi kuwa kwando ya rufa musu asiri. Wanda kuma yake da tarihi a gidanku, na kaka ko na uwa, kada ma ki haɗa shi da shuka mai shan ruwa. Ki ajiye shi sai kaka, zan gaya miki abin da za ki zuba masa.

Gyaran kwando

Da farko ki fito da shi tsakar gida ki bubbuga da sanda kafin ki sa hannu, domin kunama na son tsohon kwando ƙwarai. Ki goge ƙura da tsohon burushi ko guntun tsintsiya. In ya yi datti da yawa ki wanke shi sama-sama, kada ki jiƙa, sa'an nan ki kife shi a rana wuni biyu. Idan kika ga wani gari mai laushi yana zubowa daga jikin gorar, ƙwaro ne a ciki yana huda ta. Irin wannan ki daɗa masa kwanaki a rana, kuma kada ki jingina shi da ƙofar katako.

Bakin da ya warware, basilla da igiyar rama ko sabuwar kaba sun isa. Ki bi bakin kina naɗewa kamar yadda ake daje bakin tabarma. Gindin da ya ɓule kuwa kada ya dame ki, alheri ne ma, tun da ta nan ruwa zai wuce. In ramin ya yi faɗi ki gicciya 'yan sanduna biyu ko waya. Wasu suna shafa fenti. Ni dai ban so, don fenti yana rufe saƙar, ita ce kuwa abin kallon. In akwai kafinta kusa, ɗan banish da yake shafa wa kujera ya fi, yana sa kaba ta yi sheƙi ta kuma rage shan danshi.

Sai abin da zai zauna ciki. Babban gwangwanin madara ko na tumatir, ko bokitin da ya tsage, ko jarkar da aka yanke, duk suna yi, in dai bakinsu bai leƙo sama da na kwandon ba. Ki huda gindin da ƙusa wuri biyar ko shida, ki ɗora tsingaro a kan ramukan don kada ƙasa ta toshe su. Haɗin ƙasar kuwa, gwangwani biyu na ƙasar gona, ɗaya na yashi, ɗaya na takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai har ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, ki kiyaye shi. Ki bar kamar inci ɗaya tsakanin ƙasa da bakin gwangwani saboda ban ruwa.

Ga sharuɗɗa biyu da ba na sassauci a kansu. In za ki yi ban ruwa ki ciro gwangwanin, ki ba shi, ya tsane, sa'an nan ki mayar. Kuma kada kwando ya taɓa ƙasa. Ki ɗora shi kan bulo ko duwatsu uku kamar murhu, iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi, kina kuma ɗagawa kina dubawa ko gara ta fara gini. Gidan da ke da awaki da kaji, maganinsu ragaya. Ragayar nan da iyayenmu ke rataye ƙwaryar nono, ita ce daidai ɗaukar ƙaramin kwando. Ki dai tabbata ƙusar ta kafu, kuma ba saitin inda yara ke zama ba, gama jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi.

Wadda ba ta da baranda kada ta ce ba da ita ake ba. Gefen ƙofar ɗaki, ko bakin rumfa, ko kan dakali, duk wuri ne. Abin lura kawai shi ne rana. Wurin da ke samun hantsi ya huta da yamma ya fi kowane. Wanda ke duban yamma yana dafa shuka da bazara. Kada kuma ki ajiye a ƙarƙashin indararo.

Damina

Da ruwa ya zauna, wajen Yuni a yawancin ƙasashenmu, sai shuka. Furen da na fi ba mai koyo shawara shi ne ziniya. Asalinsa daga ƙasar Meziko ne, amma ya karɓi ƙasarmu kamar ɗan gida. Akwai ja, da ruwan hoda, da ruwan ɗorawa, da fari. Ki binne irin kamar rabin inci, cikin mako guda ya tsiro, cikin wata biyu ya yi fure. Gwangwanin madara ba ya ɗaukar fiye da tsiro biyu, sauran ki cire, ko da kuwa kina jin tausayinsu. In ya kai tsawon tafin hannu ki tsinke kan, zai yi rassa maimakon ya miƙe zalau kamar karan dawa. Duk furen da ya tsufa ki yanke shi, wani zai fito. Ruwa kuma a gindi ake zuba masa, in ana jiƙa ganyen yakan yi tabo.

Abokin tafiyarsa marigol, shi ma ɗan Meziko, mai launin ɗorawa da ruwan goro, ganyensa da ɗan wari. Ya ma fi ziniya haƙuri. Akwai kuma wani mai ƙananan kawuna kamar maɓallin riga, shunayya ko fari, da wani ja mai kama da zankon zakara, wanda dangin alayyafo ne. Waɗannan biyu ki shuka su da yawa, domin amfaninsu na gaba ne. Ba sai kin sayi iri ba. Duk inda kika ga fure ya bushe a kan uwarsa, a gidan maƙwabciya ko a harabar makaranta, ki roƙi kai biyu ki murje, ga iri nan ya ishe ki har ki ba wata.

A nan ne fa na sha tambaya. Surukata ta zo mana kwana biyu, ta tarar da ni tsugune ina ban ruwa. Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, "Malama, wannan ciyawar miya ake yi da ita?" Na ce, "A'a Inna, ta kallo ce." Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Mu dai a zamaninmu abin da ba ya shiga tukunya ba ya shan ruwan tulu." Ban ce komai ba, amma na kwana ina juya maganar, na kuwa ga tana da gaskiyarta. Matar da ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa, ko take aika yara rijiya mai nisa, dole ta san inda kowace moɗa ta tafi.

Sai na sake dabara. Kowane kwando mai faɗi na sa masa gwangwani uku: ɗaya fure, ɗaya ɗaɗɗoya, ɗaya barkono. Barkono in ya nuna ja a cikin koren ganyensa, wallahi ba furen da ya fi shi kyau. Na'ana'a na sa ta can gefen inuwa, don tana son danshi. A babban bokiti kuma na shuka zoɓo, wanda karansa ja ne, furensa fari-fari mai jan ciki, kuma sai wajen Oktoba yake yi, lokacin da rana ta fara gajarta. Da Inna ta dawo bayan salla, da kanta ta riƙa fita tana tsinko ɗaɗɗoya. Ba ta ce na yi daidai ba, ni ma ban tambaya ba, amma da za ta tafi ta ce in ƙulla mata irin "wancan ja ɗin".

Ruwan kuwa ba lalle sai na tulu ba. Ruwan wankin shinkafa, da na wanke ganye, da wanda ya taru a wurin alwala, duk suna yi. Na wanki mai garin sabulu ko maganin cire datti ne ba ya yi, gama a gwangwani ba inda gishirinsa zai gudu, sai ya taru ya kashe shukar. In ƙananan ƙwari suka maƙale a bayan ganye, ki daka ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki yayyafa da yamma.

Ga wata magana da ta fi fure muhimmanci. Kada ki ajiye faranti ko kasko ƙarƙashin gwangwani ruwa ya riƙa kwana a ciki. Akwai sauro mai zanen fari a ƙafafu, mai cizo da rana, wanda ba ya neman kududdufi. Ɗan ruwan da ya kwanta a gwangwani ko tsohuwar taya ko fasasshen tulu ya ishe shi, kuma da zafi irin namu cikin mako guda zuwa kwana goma ƙwansa ya zama sauro. Danginsa ne ke yaɗa cutar shawara, wadda ta yi ɓarna a yankin Jos a 1969, da Oju ta ƙasar Binuwai a 1986, ta kuma sake ɓulla a Alkaleri ta jihar Bauchi a 2019. Duk abin da ke riƙe ruwa a wajen shukarki ki zubar, ki kuma cuɗe cikinsa, don ƙwan a jikin mazubin yake mannewa. Na kan ji ana cewa ƙamshin ɗaɗɗoya na korar sauro. Ki shuka abinki don miya da shayi, amma kada ki kwance gidan sauron yara saboda ita.

Kaka

Wannan ne lokacin da na fi so, shi ne kuma lokacin kwando mai daraja, domin babu ƙasa babu ruwa. Ki fita bayan gari wajen ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, ko ki aiki yara, ki ga abin da Allah ya shimfiɗa kyauta. Ƙyasuwa ta fitar da kai mai laushi ja-ja, gamba ta yi tsawo tana rausaya, zangarniyar gero da ta kaura da ta farfara kowace da launinta. Mu nan wajen Funtuwa ga auduga ta fashe fari fat a kan karanta. Ga busasshiyar kuɓewa da ta tsage, ga soso, ga ƙananan duma, ga 'ya'yan bagaruwa masu kama da tsakiya a zare, ga ƙwallon kuka mai gashi kamar karammiski. Ƙarangiya kaɗai za ki gargaɗi yara kada su kwaso miki.

Furannin damina ma ba su ƙare ba. Mai kama da maɓalli da mai zankon zakara, ki yanke su da dogon kara da hantsi bayan raɓa ta bushe, ki zage ganyen, ki ɗaure biyar-biyar, ki rataye su kai ƙasa a cikin ɗaki inda iska ke shiga. A inuwa fa, ba a rana ba, rana tana cinye launi. Bayan mako biyu sun bushe, kuma launinsu na nan har watanni. Karan zoɓo ma ki bar biyu ko uku da 'ya'yansu, kada ki ɓare duka.

Wajen jerawa, ki sa gwangwani cike da busasshen yashi a tsakiyar kwandon, shi zai riƙe karare ya kuma hana iska kifar da shi. Dogaye a baya, watau gamba da zangarniya. Matsakaita a tsakiya, auduga da zoɓo da furanni. Masu nauyi, duma da kuka, a gaba suna leƙowa ta baki. Kada ki cusa komai da komai. Kuskuren da 'yan ajina suka fi yi ke nan, kowace tana so a ga duk abin da ta tsinto, sai kwandon ya koma kamar kayan mai ƙaura. Iri uku ko huɗu sun isa. Tsawon abin da ya fito sama kuma kada ya wuce tsawon kwandon sau ɗaya da rabi, in ba haka ba sai ya yi kamar zai faɗi.

Tsohon faifai a nan yake da rana. Ki rataye shi a bango bayan kwandon, ko ki ɗinka masa 'yar dunƙulen busassun furanni a tsakiya da zare, ki kafa a gefen ƙofa. Matankaɗin da ragarsa ta yage shi ma haka, da'irar katakon kawai ake so.

Wani dattijo maƙwabcinmu ya ga zangarniya a ƙofata ya ce wa maigidana abinci ba abin wasa ba ne. Ban ga laifinsa ba. Saboda haka kai uku ko huɗu kawai nake sawa, in lokacinsu ya wuce kuma in ba kaji, ba a zubar da ko ƙwaya. Da ma in suka yi yawa ɓera ne zai riga baƙi zuwa kallo.

'Yan makaranta, ku na ba wannan aikin: tara iri. Kowane iri a ambulan ɗinsa ko a busasshiyar kwalba, ku rubuta sunansa da launinsa da shekara. Bara wata yarinya a aji biyar ta haɗa ziniya da yakuwa a ƙulli ɗaya ba rubutu, da damina ta shuka wa uwarta gonar miya a ƙofar ɗaki. Uwar dai ba ta yi fushi ba.

Hunturu da bazara

Kwandon kaka shi zai kai ki har ƙarshen sanyi. Abokin gabarsa ƙura, sai ki riƙa kaɗe shi a hankali da mafici ko gashin kaza. Amma ki ji wannan da kyau: busasshiyar ciyawa da auduga a cikin busasshen kwando, da iskar hunturu, makamashi ne. Ki nisanta shi da murhu, da kaskon jin ɗumi, da fitila, da kaskon turare, da maganin sauro na kunnawa. Gobarar hunturu ba ta bukatar fiye da tartsatsi ɗaya. In kuwa kina da wadatar ruwa, ziniya da marigol suna yin kyau da sanyi har su fi na damina, kamar dai yadda kayan lambu ke yi a fadama.

Bazara ita ce jarrabawa. Daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, sai masu taurin rai. Ta farko ƙariya, mai kumburarren gindi, wadda ke zubar da ganye ta fito da fure ruwan hoda tsakiyar rani, lokacin da komai ya yi fari. Wasu na cewa da ita ake zancen nan na ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Reshe ake yanka, a bar shi a inuwa kwana uku bakin ya bushe, a dasa a ƙasa mai yashi da yawa. Yawan ruwa ne ke kashe ta, ba ƙishi ba. Sai alobera, da moɗa, ba ta ɗiban ruwa ba, tsiron nan mai dogayen ganye kamar takobi. Waɗannan biyu ko kin yi tafiyar mako biyu za ki tarar da su.

Akwai kuma fotulaka, 'yar ƙarama mai ganye kamar ƙwayar shinkafa, wadda yaran makarantarmu ke kira ƙarfe goma, don sai rana ta ɗaga take buɗewa, da la'asar ta rufe. Ki karyo reshe ki soka a ƙasa, shi ke nan ta kama, kuma ita ce ta fi dacewa da ragaya saboda tana zubowa ta bakin kwando. Sai binka, mai fure fari ko ruwan hoda da ganye mai sheƙi, 'yar asalin tsibirin Madagaska. Daga jikinta masana suka fitar da maganin sankarar jini, amma wannan aikin ɗakin bincike ne, ba a dafa ta a sha a gida.

Itatuwa ma da rani suke ado. Marga tana zubo fure ruwan ɗorawa reto-reto, minjirya da gurjiya suna yin ja tun ba ganye a jikinsu. Ran da za ki yi baƙi, reshe ɗaya a cikin kwalbar ruwa, kwalbar a ɓoye cikin kwando, ya isa. Ki sake ruwan bayan kwana biyu. Furen ɗorawa kuwa, mai kama da jan tuntu, ki kalle shi a bisa ki wuce. Itacen yana da mai shi, furen nan kuma shi ne kalwar da za a yi daddawa.

Na bar maganar dafi a nan don kada ta shige miki cikin sauran. Ruwan jikin ƙariya dafi ne, har akan sa shi a kibiya a wasu ƙasashe. In kina da mai rarrafe ko mai kai komai baki, ki ɗaga ta sama ko ki haƙura da ita sai ya girma, kuma ki wanke hannu duk lokacin da kika yanke ta. Idon zakara, 'yan jajayen ƙwayoyin nan masu ɗigon baƙi, suna da kyau a ido ƙwarai, yara kuma na son tsinto su, amma ƙwaya ɗaya in aka tauna tana iya kisa. Kada su shigo kwandonki ko kaɗan. Haka zaƙami mai farin fure kamar kakaki, wanda ba a banza ake ce masa haukata-yaro ba, da 'ya'yan zurman, da tumfafiya wadda nononta ke lahanta ido. Duk tsiron da ba ki sani ba, ki tambayi tsofaffi kafin ki kawo shi ƙofar ɗaki.

Ko da kin kiyaye duk abin da na faɗa, kwandon da ke waje ba zai dawwama ba. Irin na tumatir, mai saƙar gora sako-sako, damina ɗaya ko biyu zai yi ya gaji. Na kaba mai matsattsiyar saƙa ya fi daɗewa. In ya gama, ki kakkarya shi ki zuba a ramin taki, ya ruɓe ya ciyar da shukar baɗi, abin da roba ba za ta taɓa yi ba. In kuma kika tashi maye gurbinsa, masu saƙa suna nan, a Kasuwar Kurmi ta Kano da kasuwannin ƙauye ran cinsu. Sabon ya shiga ɗakin girki ya yi aikinsa tukuna, in ya tsufa ya fito baranda.

Bakin lefen kakata kuwa ban yar ba. Na wanke shi, na naɗe inda ya ɓalle da jar kaba, yana nan rataye a saman ƙofata kamar zobe. Kowace kaka nakan ɗaura masa auduga uku da zangarniyar gero ɗaya, da yake ita ma har ta tsufa ba ta rabu da kaɗi da daka ba. Wadda ta gwada nata ta rubuto mana ta gaya mana abin da ya yi kyau a garinsu, musamman 'yan'uwa na can arewa inda ruwa ke ɗaukewa da wuri.